Kifin Surukata

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai ni ɗakin karatu, ni da ko bihim ban sani ba, na tafi da mutuncina na dawo babu shi.

Nan unguwarmu Badariya an san ni da kamun kai. In mata biyu sun saɓa, gabana ake kawo su. Wannan sunan ne ya sa Malama Hadiza, ma'aikaciyar wani ɗakin karatu cikin Birnin Kebbi, ta zo har gida ta durƙusa. Wai yanzu sun buɗe shafi a intanet, suna kiran tsofaffi su yi tatsuniya, mutane na kallo ta waya a lokacin da ake yi. Na ce na gane. (Ban gane komai ba, amma ina ni ina tambayar ɗiyar da aka yi sunanta gabana?)

Na ja aminiyata Kulu ta raka ni. Aka shimfiɗa mana tabarma tsakanin littattafai, aka kafa waya kan wani ƙarfe mai ƙafa uku tana kallona. Malama ta latsa ta ce, "Inna, bismilla." Sai aka ɗauke wuta, ta fita a tada janareta.

Na gyara murya na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku."

Shiru.

Kulu ta buɗe baki za ta amsa, na harare ta, ai ba ita na zo yi wa ba. Na sake faɗi, shiru. To kowa ya san tatsuniya ba ta tashi sai an ce ta zo mu ji ta. Na dai ga wasu ƙananan rubuce-rubuce na hawa fuskar wayar kamar tururuwa, na ɗauka adon abin ne. Na yanke hukunci da hikimata ta manya cewa ba a fara ba. Na sassauta ɗankwali, na miƙe ƙafa, na fasa goro.

Kulu ta ce, "Ke, surukarki ta Argungu ta aiko kifin bana?"

Hajiya Yalwa take nufi, uwar matar ɗana na fari. Tun da aka haɗa zuri'a kunyar juna muke, ko sunanta ban taɓa kamawa ba.

Na ce, "Yalwa? Ta aiko, in wanga abu kifi ne. Ina jin tun zamanin kakanta aka banda shi. Mage ta shinshina ta bar gidan."

"To mi kike yi da shi?"

"Kaji nike ba. Su ma sai sun yi shawara."

Kulu na dariya, ni kuwa daɗi ya kwashe ni, na tashi na kwaikwayi tafiyar Hajiya, da yadda take jan gaisuwa ta hanci. Na yi shi da kyau, wannan kam ba zan ɓoye ba.

Malama ta dawo, ta leƙa wayar, sai ta zauna ƙasa. Ta ce, "Inna, ai tun ɗazu suka amsa. Rubutun nan duk ta zo mu ji ta ne."

"Su wa?"

"Jama'a. Har da na Argungu."

Wa ya sanar da na Argungu? Ni. Ni na aika wa Hajiya ta tara mutanen gidanta ta ga yadda ake girmama surukarta a birni.

Ɗakin karatu sun goge abin nan take, amma kafin mu iso gida ya riga mu shiga wayoyin unguwa. Matar ɗana ta kwana biyu tana gaishe ni ido a ƙasa, ba ta ƙara ko kalma. Na ga zumunci zai tsinke a bakina, na shiga mota sai Argungu.

Hajiya ta tarbe ni da darduma, ta ja gaisuwa (ta hanci, kuma ta fi kullum tsawo). Aka kawo tuwon shinkafa, miyar kuwa shaƙe da kifin nan. Ta zauna gabana ta ce, "Ci, surukata. Kaji sun ƙoshi, saura ke."

Na ci har kai, na tsotse ƙaya, tana kallo. Sai da na suɗe kwano ta ce ta yafe. Abin haushin, kifin da daɗi.

Yanzu ko waya na gani kife kan tabarma, sai na gaishe ta, na tambayi mutanen gida, sannan in ɗinke bakina.