Ranar da na ga dorina da makirfo a hannu

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Lahadi a kogin Gaya, ko da ni na so in manta, mutanen bakin ruwa ba za su bari ba.

Ni mai gyaran rediyo ne da kayan sauti a kasuwa. Surukina, baban matata, wanda kowa ke ce wa Alhaji, ɗan kasuwa ne mai jigilar kaya tsakanin Gaya ta Nijar da Malanbil ta ƙasar Benin. Da girma ya zo masa sai ya sayi jirgin ruwa mai inji, ya sa masa rumfa da kujeru, don shan iska da iyali da baƙi. Rannan ya kira ni ya ce, "Ɗana, ina son sauti a jirgin nan. Za ka iya?"

Na ce, "Baba, ai wannan ƙaramin aiki ne." (Ban gaya masa cewa duk da an haife ni a bakin kogi, ko iyo ban iya ba, kuma gada nake bi in zan ƙetara.)

Aikin kam na yi shi da kyau, wannan ba zan rage wa kaina ba. Jirgin yana kan tudu, ƙafata tana ƙasa. Na kafa bafil huɗu, wato lasifika, a ginshiƙan rumfa, na ɓoye ampili da batir ƙarƙashin kujera, na naɗe wayoyi da roba don kada ruwa ya taɓa su. Har makirfo na ƙara, wai don Alhaji ya riƙa yi wa baƙi maraba. Ba wanda ya roƙe ni wannan, burga ce kawai.

Ranar gwaji Alhaji ya gayyato abokansa ƴan kasuwa daga Yamai, ga surukata Hajiya, ga matata. Na gama saiti zan sulale, sai Alhaji ya ce, "Ina za ka? Shigo mana, in wani abu ya lalace fa?" Gaban suruki ba a musu. Na shiga.

Malam Hassan, tsohon masunci da ke tuƙin, ya ta da inji. Muka bar gaɓa. Na tsuguna kusa da ampili, makirfo a hannu, ina yi kamar ina gyara wani abu, alhali addu'a nake, duk wadda na sani. Na ƙure sauti don kiɗa ya rufe ƙarar inji, na kuwa manta makirfon a kunne yake.

Muna tsakiyar kogi na ɗaga kai, sai ga wani baƙin abu yana nitso yana tasowa, ya nufo mu. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Dorina! Dorina! Wayyo Inna, na mutu, ban iya ruwa ba!"

Jama'a, bafil huɗu ne suka ɗauki maganar nan. Mata masu wanki a gaɓarmu sun ji, kuma daga baya aka ce mini har masunta na ɓangaren Benin sun ji. Baƙin Yamai suka ruga gefe ɗaya, jirgi ya karkata, hular ɗayansu ta faɗa ruwa. Hajiya tana salati. Ni kuwa na ƙanƙame abin da ke kusa da ni, na rufe ido. Da na buɗe, ashe ƙafar surukina ce na rungume, har da gefen babbar rigarsa.

Malam Hassan bai ko rage gudu ba. Ya miƙa gora ya zunguri dorinar tawa, ta juya. Tsohon bido ne, wato jarkar mai, ciyawar ruwa ta lulluɓe shi.

"Ga dorinarka nan," in ji shi. "Za ka kai ta gida ko?"

Alhaji ya dube ni a hankali ya ce, "Ɗana, sauti ya yi kyau ƙwarai. To, sakar mini ƙafata." Wannan ma bafil ya ɗauka, don makirfon yana hannuna har lokacin.

Matata ta ja gyale ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Har yau ta ce kuka take yi. Ban yarda ba.

Sati biyu ban je gaida surukaina ba. A kasuwa kuwa sunana ya ɓace, kowa sai "Mai Dorina". Abin haushin, aiki ya ƙaru, masu jirage suna zuwa suna cewa irin sautin nan da aka ji har Malanbil suke so.

Ina yi musu, amma a kan tudu. Kuma na koyi abu ɗaya: in tsoro zai kama mutum, ya fara kashe makirfo tukuna.