Kwamfutar Yaya a Kan Ƙanƙara

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin ni taimako na yi niyya. Yaya Sabo, wana da ke koyarwa a wata Islamiyya a Toranke, shi ya kawo min kwamfutarsa laftof har gida a Gaya. Tambayoyin jarrabawar ɗalibansa duk suna ciki, amma da an kunna ta sai ta ɗan kawo haske ta mutu.

Na shafa ƙasanta na ji ɗumi. Na ce, "Zafi ne ya yi mata yawa, Yaya. Wannan ai ƙaramin aiki ne."

Ya ce, "Anya ba ma kai wa masu gyara ba?"

Tambayar nan ta ba ni haushi matuƙa. Na sunkuto ƙanƙarar da matata ke sanyaya zoɓon sayarwa, na ɗora kwamfutar a kai, na ce a bar ta ta huce. Har na harɗe ƙafa ina yi masa bayani.

Ina danna maɓalli sai ƙauri ya tashi. Na ɗaga ta, ruwa na ɗiga.

Mai gyara a Kano ya ce da can batir ne ya raunana, caja kuma ta tsinke ta ciki, amma yanzu injin ya ƙone. Da hannu Yaya ya sake rubuta tambayoyin, ya kuma daɗe ba ya amsa gaisuwata.

Abin da ya fi ƙona min rai, yanzu ko zazzaɓi wani ya yi a gidanmu, sai matata ta ɗaga murya: "A ɓoye ƙanƙara, ga Injiniya nan zuwa!"