Jatau da Bututun Mai

Mutum uku ne a gidan Inna Tabawa: ita, da babban ɗanta Barau mai noman tumatir, da ƙanensa Jatau. Jatau ya yi gemu, ba ya sata, ba ya fashin salla, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Dukiyar gidan kuwa tsohuwar a-kori-kura ce. Ana gab da tsinkar tumatir bututun manta ya yi tsatsa ya huje. In motar ba ta tashi ba, wahalar shekara za ta ruɓe a kwando.

Wata rana Barau ya sayo sabon bututu, ya kwance tsohon ya ajiye gaban Jatau. Ya ce, "Lanƙwasa wannan ya zama daidai da wancan, kada su bambanta ko kaɗan." Jatau ya zauna a gindin darbejiya, ya bi kowace kwana a hankali har aiki ya yi kyau. Daga nan ya ɗauko ƙusa ya huda shi daidai inda tsohon ya huje.

Barau ya ce, "Wane ne ya aike ka?"

"Kai, Yaya. Tsatsar ce kaɗai ta gagare ni."

Wata rana kuma aka sayo na biyu. Barau ya ce a cika shi da yashi kafin a lanƙwasa, don kada ya lotse. Jatau ya cika, ya lanƙwasa, ya ɗaura a mota. Aka yi ta turi har bakin masallaci, mota ko tari ba ta yi ba. Da aka kwance, yashi ya zubo a fuskar Barau.

"Cewa ka yi in cika. Ban ji ka ce in zazzage ba."

Barau ya yi zagin da bai dace da gaban uwa ba. Ya wanke bututun, ya ɗaura da hannunsa cikin fushi, fetur ya jiƙa ƙasa. Ya jefa wa Jatau makullin motar ya ce, "Ga aikin da za ka iya. Kada ka ba kowa sai ƙarƙashin motar nan ya bushe."

Da safe aka loda kwanduna. Barau ya miƙa hannu, Jatau ya leƙa ƙarƙashin mota ya girgiza kai. Makullin yana ɗaure a mazagin wandonsa.

"Bai bushe ba, Yaya."

"Ni ne fa na ba ka."

"Kowa ka ce."

Rana na ɗagawa, tumatir na laushi. Barau ya ɗaga hannu zai kai mari, Inna ta ce, "Kai babba, ajiye hannunka. Fetur ne zai kwana bai bushe ba? Sunkuya ka duba."

Barau ya shiga ƙarƙashi yana ƙunƙuni. Notin da ya ɗaura jiya bai zauna ba, mai na ɗiga a kan salansa, wato bututun hayaƙi, daidai wurin da ke yin ja in tafiya ta yi nisa. Ya daɗe a kwance yana salati kafin ya nemi sifana.

Da ƙasa ta bushe, Jatau ya kwance makulli ya miƙa. Mota ta tashi bugu ɗaya. Inna ta sauke numfashi, ta ce Jatau ya zauna a gaba.

Barau ya ce, "Rufe ƙofa, ka riƙe ta da kyau."

Har kasuwa bai sake ta ba.