Yadda Za Ka Kawo Surukinka Gidanka da Ke Ƙasa da Teku

Wa ya fi wani bisa: mai tsaye kan bene a Ghor Safi, garinmu da ke cikin kwari ƙasa da fuskar teku, ko mai kwance cikin rami a Karak? Na daɗe ina juya tambayar nan a bakin gonar tumatir, har yau ban samu amsa ba. Wannan bai hana ni zama gwani ba. Bi matakan nan yadda maƙwabcina Miflih ya bi su, na lamunce maka surukinka zai taka gidanka ko da ya rantse.

1. San matsalarka

Surukin Miflih, Abu Mit'ib, mutumin Karak ne, can kan duwatsu. Tun ranar biki ya rantse ba zai taɓa gangarawa wurin mijin 'yarsa ba, yaro ne zai riƙa hawa wurinsa. Yanzu ga 'yar tasa, Fadwa, ta haihu. Ta ce in mahaifinta bai zo ya ga jikansa ba, za ta tattara ta koma Karak da jaririn, Miflih ya zauna ya rungumi tumatirinsa.

2. Ɗora bene

Kada ka roƙi tsoho ya karya rantsuwa. Gina masa hanyar kewaye ta. Miflih ya ɗora ɗakin baƙi a hawa na uku, ya shimfiɗa darduma, ya kai butar gahawa. Matakala kuwa a yi ta da tsayi, don tsoho ya ji a jikinsa cewa hawa yake.

3. Zaɓi ma'aunin da ya fi maka

Bisa iri biyu ce. Akwai nisanka da ƙasar da ke ƙarƙashinka, irin na tsuntsu da jirgi. Akwai kuma nisan ita kanta ƙasar daga fuskar teku, irin na gari da dutse. Ka riƙe na farko gam, ka yi kamar ba ka taɓa jin na biyu ba. Haka Miflih ya yi a waya.

"Baffa, in ka zo hawa za ka yi. Ɗakin baƙina hawa na uku ne, kai kuwa a ƙasa kake kwana."

"Kai ɗan tumatir! Kajina ma sun fi rufinka bisa. Da za a buɗe wa teku ƙofa, kifi ne zai riƙa gilmawa ta saman benenka."

"Ai ba a buɗe ba, Baffa."

Tsohon ya kashe waya.

4. Kada ka ci gardamar

Dukansu gaskiya suka faɗa, abin da ke damuna ke nan. In biyu suka yi gaskiya a gida ɗaya, ƙarami ne ke yin shiru. Miflih ya koma kallon akwatin Fadwa da ke ƙara cika kullum.

5. Jira sanyi, ka bar wa matarka wayar

Ƙanƙara ta zuba a Karak, mu nan muna yawo da riga ɗaya. Fadwa ta kira.

"Baba, yaron nan kunnuwanka ya kwaso. Duk wanda ya gani sai ya yi dariya."

"Me kunnuwana suka yi?"

"Sai ka gani da idonka."

6. Tarbe shi, kada ka yi murmushi

Abu Mit'ib ya fito daga mota kunnuwan nan a toshe saboda gangara, matarsa Ummu Mit'ib na biye da ƙullin busasshen cuku na miyar mansaf, shinkafa da naman da ake tarbar baƙi da ita.

"Kowa ya shaida ban sauka ba," in ji shi da ƙarfi. "Wucewa nake zan hau."

"Bismillah, Baffa," Miflih ya nuna matakala.

Gargaɗi

Babu ruwana da kaffara, wannan a tambayi liman. Babu ruwana da bulo da siminti da ka ɓata. Haka kuma ban ɗauki alhakin gwiwar kowa ba, domin Abu Mit'ib bai kai rabin hawa na farko ba ya tsaya yana haki. Daga sama jariri ya tsala kuka. Tsohon ya ɗaga kai ya auna sauran matakalar, ya juyo a hankali, ya gangaro tsakar gida, ya zauna daɓas a kan buhun taki.

"Me kake kallo, ɗan tumatir? Sauko min da shi nan."