Kwamfutata a Firizar Kifi

Ni fa na san abin da nake yi. Masu ƙure wa kwamfuta gudu sanyi suke nema mata, ni kuwa a Birnin Kebbi firizar matata Hauwa gare ni. Na kwashe kifin da gwaggonta ta aiko daga Argungu, na zura injin kwamfutata ciki, na ƙure masa gudu.

Minti goma ina sarauta, sai aka ɗauke wuta har la'asar. Ƙanƙara ta narke cikin injin. Wuta na dawowa, fau!

Hauwa ta leƙo: "Maigida, mi kaka soyawa?"

Kifi ya ruɓe, inji ya ƙone. Ba wanda ya tambayi gudun da na kai, ko mutum ɗaya! Har yau gwaggo in ta gan ni: "Injiniya, kifi ko kwamfuta za a soya ma?"