Sukari Gwargwadon Daraja

A duk tsibirin Negros, in aka zo maganar sukari, kowa ya kama bakinsa, Don Eustaquio Villaruz zai yi bayani. Kakansa ya mallaki gonar rake da ido ba ya ganin ƙarshenta. Shi kuwa Allah ya hutar da shi wahalar noma, don abin da ya gada bai wuce hoton gonar ba, sai sanda mai kan azurfa. Kalmar Don ma, laƙabin masu sarauta da dukiya, shi ya liƙa wa kansa. A gabansa mutanen unguwa Don Takyo suke cewa, in ya ba da baya kuma Sarkin Kumfa.

Sunan ya biyo giyar da yake dafawa a gareji, inda a da mota ke kwana. Bana giyar ta nuna daidai da zaɓen kapitan, wato shugaban unguwa, kujerar da Don ke mafarki tun yana da gashi a ka. Abokin karawarsa Nong Crisanto ne, mai busasshen kifi, wanda Don ba ya ambatar sunansa sai ya yatsine hanci. Sai basira ta sauko wa gwanin: kowane gida kwalba guda, da hotonsa a jiki cikin ruwan zinariya.

Saura kumfa. Masu wannan sana'a kan auna ɗan farin sukari, su narka a ruwan zafi, su gauraya da giyar baki ɗaya kafin a ɗura, yis ɗin da ya rage ya ci, ya ba da iska daidai ƙarfin kwalba. Matarsa Perpetua ta ɗauko masa sikelin da take auna fulawa.

"Inday, mayar da abin nan kicin," in ji Don, da sunan da yake kiran matarsa. "Jikan Villaruz ne zai auna sukari kamar mai jinya? Fari kuma na 'yan shayi ne. Mazarƙwaila zan sa, baƙa wuluk, irin ta kakana. Kowa kuma gwargwadon darajarsa."

Haka aka yi. Kwalbar talaka cokali ɗaya. Shugabar makaranta cokali mai tozo. Limamin coci aka yi masa har da gyara. Gidan da ke da masu ƙuri'a da yawa, Don ya saki hannu don karamci. Kwalbarsa ta kansa kuwa, ba a tambaya. Da ya zo kan ta Crisanto sai ya tsinci 'yar ƙwaya da yatsu biyu ya jefa, yana dariya shi kaɗai har da riƙe ciki.

Ya bi gida-gida da sandarsa. "Mare, wannan ba giya ba ce, tarihi ne," yake gaya wa kowace uwar gida, don a can Mare ake ce wa mace, namiji kuma Pare. "Kada ki wulaƙanta ta a firji kusa da kifi. Ranar da na hau kujera sai a buɗe."

To, a nan kyauta mai ruwan zinariya wuri ɗaya gare ta: kabad ɗin gilashi na falo, inda farantan aure suke zaune ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba, da kofunan da 'ya'ya suka aiko daga ƙasashen waje, da ɗan mutum-mutumin waliyyi. Nan kowace kwalba ta samu masauki, ƙarƙashin rufin kwano, cikin zafin watan Mayu. Matar Crisanto kaɗai ta cilla tasu ƙarƙashin teburin kifi.

Ranar zaɓe Don ya fito cikin rigar zaren abarba, ya tsaya a farfajiyar makaranta yana raba murmushi ga masu layi. Rana na take tsaka sai aka ji dam daga gidan limami. Kafin a waiga, gidan shugabar makaranta ya amsa. Daga nan abin ya bi unguwa, manya a gaba, talakawa a baya, ba wanda ya tsallake na sama da shi.

Don ya cire hula ya dafa ƙirji, daɗi ya kusa kashe shi. "Kin ji talakawana, Inday? Ko ƙirga ba a yi ba sun fara wasan wuta. Na hana su fa, amma ƙauna ba ta jin magana."

Layi ya watse. Mata suka ruga gida, suka dawo a fusace. Nang Remedios, tsohuwar da ke jan addu'a a coci, ta tsaya gabansa da tarin fasassun tangaran a cikin siket, tana warin giya tun daga ɗankwali.

"Pare, farantan uwata ne. Yaƙi bai fasa su ba, girgizar ƙasa ba ta fasa su ba, sai da ka zo. Waliyyina ma babu kai."

"Mare," in ji Don cikin natsuwa, "giya mai asali ba ta son ƙunci."

Bai rufe baki ba aka ji ƙarar da ta fi duka, har karnuka suka ɗauka. Daga gidansa ne, daga kabad ɗin Perpetua. Ita ba ta ruga ko'ina ba. Ta dube shi sau ɗaya, ta karɓi takardar ƙuri'a ta shige.

Da aka ƙirga, Don ya tashi da ƙuri'a guda, kuma ba a sha wahalar gane mai ita ba, don shi kaɗai zai rubuta sunan har da Don da na kakansa.

Da la'asar sabon kapitan, wato Crisanto, ya sa aka zaƙulo kwalbarsa daga ƙarƙashin tebur, ya buɗe a gaban jama'a. Ta yi ɗan tsaki mai ladabi, kumfa ta taso fara sol ta tsaya a bakin kofi. Crisanto ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ɗaga kofin wajen Don, wanda ke neman hanyar sulalewa ta bayan makaranta.

"Pare, hannunka da kyau. In za ka sake dafawa, don Allah ka ƙara raina ni kamar haka."