Faifan D da Aljihun Kaftanina

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ba zan taɓa mantawa da safiyar da Injiniya Nura ya taso daga Kano don ya ga yadda nake buɗe shago ba.

Kawuna yana da cibiyar kwamfuta a Gwarzo, inda ɗalibai ke koyon jarabawar da ake yi a kwamfuta, ni kuma nake kula da ita. Duk kwamfutocin suna ɗauko tambayoyi ne daga uwarsu, wadda muke kira saba. Tamu ba wani ƙarfe ba ce da za ka dafa, kwamfuta ce da aka ƙirƙira a cikin babban injin da ke ofishina. Injiniya Nura ne ya haɗa mana ita.

Da ɗalibai suka yi yawa sai sabar ta fara ja da ciki. Ya ce faifan ajiyarta mai suna C ne ya cika, ya aiko direba da ƙaramin faifai mai igiya, ya saita shi daga can Kano ya zama D. Ya ce in mayar da fej fayil kansa, wato wurin da kwamfuta ke jibge rarar aiki idan ƙwaƙwalwarta ta cika, kamar ɗakin ajiya. Na yi hakan da rana, na sake kunna ta, ta tashi kamar sabon babur.

Washegari da safe ta koma gidan jiya. Ta watsar da D, ta sake ƙirƙirar fej fayil a C da ba shi da wurin numfashi. Na duba, D na nan. Na duba saiti, yana nan yadda na bar shi. Na sake kunnawa, ta gyaru. Gari ya sake wayewa, ta sake lalacewa.

A makon kuwa wata makarantar Gude, ta wajen Kabo, za ta kawo ɗalibanta gwaji ranar Asabar. Kawu ya ce mini idan aka ji kunya a gaban mutanen Gude, zai nemo wanda ya iya. (Kawu ba ya faɗa. Yana magana ne a hankali yana gyara hula, shi ya sa ake tsoronsa.)

Na rantse sai na ga bayan matsalar nan da kaina. Na ƙara girman fayil ɗin, na rage. Na canza wa faifan harafi, na mayar. Na zargi janareta, na sa aka wanke shi. Na zargi sanyin safiya, har na lulluɓe injin da bargo (ku rufa mini asiri kan wannan). Na karanta abin da mutanen duniya suka rubuta a intanet har idona ya yi ja. Da dabara ta ƙare sai na yi abin da kowane gwani ke yi: na ce faifan jabu ne, Injiniya ya cuce mu. Ban tsaya a wajen Kawu ba, har a majalisar mai shayi na faɗa, da ƙarfi kuma.

Maganar ta kai Kano kafin la'asar. Injiniya ya kira Kawu ya ce tunda cutar ta safe ce, zai zo da safe, kada a taɓa komai.

Ranar Alhamis na iso na tarar da shi a ƙofar shago, ga Kawu, ga shugabar makarantar Gude da ta zo ganin wuri. Bayan gaisuwa Injiniya ya ce, "Malam, yi komai yadda kake yi kullum. Ni kallo kawai zan yi."

Na ji daɗi, na ce a raina yau gaskiya za ta fito. Na buɗe ƙofa, na tayar da janareta, na kunna inji, sabar ta fara tashi. Sai na fita, don ba ka zama a shago ba ka gaida maƙwabta ba. Na gaida tela, na tambayi jikin mahaifiyarsa. Na gaida mai kemis, muka taɓa batun taki. Na tsallaka wajen mai faci. Na dawo da fara'ata na tarar sabar ta gama tashi, su ukun suna tsaye suna jirana.

Injiniya ya leƙa bayan injin, ya ɗago.

"Ina faifan D ɗin?"

"Ga shi nan," na ce, na zura hannu a aljihun kaftanina na zaro shi, har da ƙwayar dabino manne a igiyar.

Tun kafin in miƙa na gane. A layinmu duk abin da zai shiga aljihu ba ya kwana a shago, haka kowa yake yi saboda ɓarayi. Kullum da yamma sai in kashe inji, in zare faifan in tafi da shi gida. Da safe sabar ta tashi ta nemi D, D kuwa yana wajen mai faci ana gaisawa. Sai na dawo in soka shi, sannan in zauna in yi ta mamakin yadda yana nan amma ta ƙi shi.

Shugabar makarantar ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Kawu ya gyara hula. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na so ƙasa ta buɗe.

Injiniya ya miƙo hannu ya karɓa. Ya cire faifan daga kwansonsa ya ɗaure shi da noti a cikin injin, ya ce yanzu sai dai in saɓi injin gaba ɗaya. Gwajin Asabar ya tafi lafiya, aikina ya tsira.

Amma Kawu ya ce inda na ɓata sunan mutum, nan zan je in wanke shi. Haka na tsaya a majalisar mai shayi na ba da labarin da bakina, suka sa na maimaita saboda waɗanda suka zo a makare. Tun daga ranar, idan na'ura ta lalace nakan fara lalube jikina kafin in kira sunan kowa, kuma ko na gano mai laifi, a hankali nake faɗa.